KUƊIN WUTA: RANAR DA TSAYAYYEN FARASHI ZAI ƘARE

Manoma da makiyaya, masu sana'a da 'yan tireda, da iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, ku ba mu aron hankalinku. Zancenmu na yau na wuta ne, watau lantarkin da ke shiga gida da kuɗin da ke fita daga aljihun maigida saboda shi. Ga zaɓe ya ƙarato, kun kuwa sani duk wanda ya hau dandamali sai ya ce zai kawo wuta, zai kuma sauko da kuɗinta. To, kafin ku tafa masa, ga abu guda da mu ke so ku riƙe. Duk farashin da aka ce an tsayar, zuwa wani lokaci ne aka tsayar da shi, kuma akwai ranar da za a sake shi. Wanda ranar nan ta riska bai shirya ba, wani ne zai zaɓa masa abin da zai biya, kuma da wuya a zaɓa masa mai sauƙi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin mutumin karkara. Dattawanmu suna tune da zamanin Hukumar Ciniki, lokacin da a kan faɗi kuɗin gyaɗa da na auduga tun kafin a kai buhu ma'auna. Ko kuɗin ya yi kaɗan, kowa dai ya san abin da tan ɗaya zai kawo masa. Cikin 1986 aka rushe hukumomin nan, aka bar manomi da ɗan kasuwa su daidaita tsakaninsu. Haka man fetur. Cikin 1982 kwabo 20 a ke sayar da lita. Ran 1 ga Janairu 2012 aka wayi gari lita ta bar N65 ta koma N141, sai da aka yi yajin aiki a ƙasa baki ɗaya sa'an nan aka maido ta N97. Kananzir kuwa a takarda N50 ne har zuwa Janairu 2016, ko da ya ke mutumin ƙauye bai cika samunsa a wannan kuɗi ba. Na baya-bayan nan kowa ya ɗanɗana. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da ba ta kai N200 ba ta kai wajen N500, cikin Oktoba 2024 ta haye N1,000. Mai injin ban-ruwa a fadama bai manta ba, mai injin niƙa ma haka.

Ba don mu ɗora wa wani laifi mu ka kawo wannan tarihi ba. Soja sun yi, farar hula sun yi, kuma dalilin ɗaya ne. In abu ya ci N100 wajen yinsa aka sayar maka N60, to N40 ɗin nan ba iska ta kwashe ta ba, akwai wanda ya biya. Ko gwamnati ta biya daga baitulmali, watau daga kuɗin makaranta da asibiti da taki, ko ta ci bashi, ko kuwa kamfani ya fanshe ta wajen rage maka abin da ya ke ba ka. Muddin mai biyan cikon yana iyawa, farashi na nan tsaye. Ran da ya gaji sai a saki igiya gaba ɗaya, tashin da ya kamata a yi sannu-sannu cikin shekara biyar ya auku a dare guda.

Mu dawo kan lantarki. Har gobe in an kawo wuta yara na ihun NEPA, alhali NEPA ɗin da aka kafa cikin 1972 ta daɗe da shuɗewa. Cikin 2005 aka yi dokar da ta rarraba ta, aka kafa hukumar da ke yanke kuɗin wuta, watau NERC, sa'an nan daga Nuwamba 2013 aka soma miƙa aikin raba wuta ga kamfanoni 11. Na Kano shi ke da Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna shi ke da Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Na Jos ya haɗa Filato da Bauci da Gwambe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa da Barno da Yobe da Taraba. Mutum ba ya zaɓen kamfaninsa, inda gidansa ya ke shi ke zaɓa masa.

Cikin 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi alkawarin ba su a rana. Rukunin A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ran 3 ga Afrilu 2024 aka janye tallafi daga rukunin A, yunit ɗin da a ke biya kamar N68 ya koma N225 a yini ɗaya. An rage shi zuwa N206.80 cikin Mayu, ya koma N209.50 cikin Yuli na wannan shekarar. Sauran rukunai huɗu, inda akasarin garuruwanmu na karkara su ke, aka bar su a kan kuɗin Disamba 2022, gwamnati ta ɗauki cikon. Cikon nan ya kusa naira tiriliyan 2 cikin 2024 kaɗai, kamfanonin da ke yin wutar kuwa sun yi ta kukan ba a biya su haƙƙinsu ba.

To, kun ga tsayayyen farashin da mu ke nufi. Ba wanda ya ba ka takarda mai ɗauke da ranar ƙarewarsa, amma abin da ke ture shi yana nan yana aiki. Yawancin wutar ƙasar nan da iskar gas a ke yin ta, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Gas ɗin kuwa da dala a ke lissafin kuɗinsa, haka taransifoma da waya da mita, akasari daga waje su ke zuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen N460 a farkon Yuni 2023 ta wuce N1,400 cikin Fabrairu 2024. Wanda ya ga abin da ya sami rukunin A, ya kamata ya tuna da maganar nan ta gemun ɗan'uwa da ya kama wuta.

Kada a ce wannan ciwon talakan ƙasarmu ne kaɗai. Bari mu leƙa Birtaniya, domin can ne zaɓen farashin wuta ya zama aikin kowane maigida, kuma abin da ya same su cikin 2021 da 2022 yana da darasi. A can mutum na iya barin wannan kamfani ya koma wancan. Kamfani kan ce maka: sa hannu na shekara ɗaya ko biyu, in ɗaure maka kuɗin yunit, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. In ka fasa kafin wa'adi sau da yawa akwai tarar fita, sai dai in ya rage kwana 49 ko ƙasa da haka, a nan doka ta yarda ka tafi ba tara. In kuwa wa'adi ya cika ka yi shiru, kamfani da kansa zai mai da kai kan farashinsa na gama-gari, mai hawa da sauka. Shekara da shekaru wannan shi ne mai tsada, miliyoyin gidaje kuma suna kansa don kawai ba su motsa ba. Shi ya sa cikin Janairu 2019 hukumarsu mai suna Ofgem ta sa masa iyakar da ba a ƙetarewa.

Sai kuɗin gas ya tashi a duniya cikin 2021, yaƙin Rasha da Yukren ya ƙara hura shi cikin 2022. Kamfanonin da suka yi alkawarin araha ba tare da sun sayi gas sun tanada ba suka kasa. Kusan 30 suka durƙushe, har da wani mai suna Bulb da ke da gidaje fiye da miliyan 1 da rabi. Galibin waɗanda kamfaninsu ya faɗi, ba a yanke musu wuta ba, an mai da su wani kamfani, amma tsayayyen farashinsu ya tafi tare da wanda ya yi alkawarin. Asarar kuma aka watsa ta cikin takardar kuɗin wutar kowa da kowa. Iyakar da hukuma ta sa wa gida matsakaici, na lantarki da gas a haɗe, ta tashi daga fam 1,277 a shekara cikin Oktoba 2021 zuwa fam 1,971 cikin Afrilu 2022. Aka yi shelar za ta kai fam 3,549 cikin Oktoba 2022, sai gwamnati ta shiga tsakani ta tsai da ita a fam 2,500, ta biya cikon daga baitulmali. Cikin Yuli 2023 ta sauko fam 2,074.

Wanda ya ɗaure farashinsa na shekara biyu tun kafin tashin, kuma kamfaninsa ya tsira, ya sha inuwa har wa'adinsa ya cika, sa'an nan ya fito ya tarar da ranar da ke dukan kowa. Wanda kuma tsoro ya sa ya ɗaure lokacin da kuɗi ke ƙololuwa, yana iya ganin kasuwa ta sauko ta bar shi a sama, ga tara in ya ce zai fita. Watau ɗaure farashi kwanciyar hankali a ke saye da shi, ba lalle ne ya zama araha ba, kuma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin wanda ya yi alkawarin ba. Akwai kuma wani ruɗu da ya kama mutane da yawa a can. Sun zaci fam 2,500 ɗin nan shi ne iyakar abin da za su biya. Ashe kuɗin yunit ne aka ƙayyade, wanda ya sha da yawa ya biya fiye da haka.

Wannan ruɗun shi ya kawo mu ga aikin farko da ke kan kowane maigida a nan gida, tun kafin ya saurari kamfani ko ɗan takara: ya san yunit nawa gidansa ke sha. Manomin da bai san buhu nawa iyalinsa ke ci a shekara ba, ba zai san ko nawa zai kai kasuwa ba. Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi maka. A jikin kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa da lamba da harafin W, watau wat. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan fitila irin na da, mai zafin nan, wat 60 ne. In kana da huɗu, kana kunna su awa 5 kowane dare, ka sha yunit 36 a wata. Ƙwan zamani mai wat 10 yana ba da haske kamar wancan, huɗunsa a awa 5 ɗin nan yunit 6 ne kacal. A kuɗin rukunin A na Yuli 2024, na farko N7,542 ke nan, na biyu N1,257. Ɗaki ɗaya, haske ɗaya.

Fanka mai wat 70 da ke juyawa awa 8 a rana tana cin yunit 17 a wata. Talabijin mai wat 60 a awa 4, yunit 7. Cajin waya bai kai yunit ɗaya a wata ba. Ka ga gida mai ƙwai huɗu na zamani da fanka da talabijin da waya bai wuce yunit 31 ba. Masu cin wuta su ne masu yin zafi da masu yin sanyi: dutsen guga, da hita ta dafa ruwa, da rishon lantarki, da firji. Dutsen guga mai wat 1,000 in ya yi awa ɗaya ya cinye abin da ƙwai huɗun nan za su ci a dare biyar. Uwargida ta fi maigida sanin abin da a ke kunnawa da rana, saboda haka a yi lissafin tare da ita.

In ka san adadinka, to sai mu duba inda ka ke. Wanda garinsu ke kan layin gwamnati ba shi da zaɓen kamfani, amma yana da zaɓi tsakanin mita da kintace, kuma ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne: ka nemi mita mai kati. Cikin 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta a Nijeriya ba su da mita, kuɗin kintace a ke kawo musu. Wasu na ganin kintace ya fi, wai kuɗi ne sananne, ka kunna abin da ka ga dama. Wannan ma wani tsayayyen farashi ne na yaudarar kai. Ran da aka yi kwana goma ba wuta, kamar yadda ya faru a jihohin Arewa cikin Oktoba 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, mai mita bai kashe ko kwabo ba, yunit ɗinsa na nan yana jiransa. Ran da aka ƙara kuɗi kuwa, mai mita na iya kashe fanka ya rage wa kansa. Mai kintace ba shi da abin kashewa.

Akwai haƙƙoƙin da doka ta ba ku, da yawa ba su san da su ba. Cikin Fabrairu 2016 aka soke kuɗin dolen da a da a ke biya kowane wata ko an sha wuta ko ba a sha ba. Cikin Fabrairu 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a kintata wa marar mita. A tsarin 2020 an bar wa ƙananan gidaje da aka yi wa rajista a rukunin masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su wuce yunit 50 a wata ba, farashin N4, don haka wanda lissafinsa bai kai 50 ba ya je ofis ya tambayi matsayinsa. Wanda ya sayi mita da kuɗinsa ta hanyar da hukuma ta amince, ka'ida ta ce a maido masa kuɗin a hankali ta hanyar yunit. Sayen taransifoma da turaku da waya aikin kamfani ne, hukuma ta sha faɗin haka, ko da ya ke mun san garuruwa nawa ne suka yi karo-karo don sun gaji da duhu. In an ɗaga layinku zuwa rukunin A, umurnin Afrilu 2024 ya ce layin da ya kasa samun awanninsa kwana 7 a jere a sauko da shi. To, wa zai tabbatar an kasa? Ku sa wani yaro mai hankali ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke a littafi. Ƙara kuwa ofishin kamfani a ke fara kai ta a rubuce, in ba a share hawaye ba a wuce zauren sauraron ƙara na hukuma.

Amma mu faɗi gaskiya, da yawa daga masu sauraron wannan takarda waya ba ta taɓa isa garinsu ba. Bankin Duniya ya ce cikin 2021 mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar layi. Su ne yanzu kamfanonin sola ke zuwa wurinsu, su kafa faranti a bayan gari, su ja waya gida-gida. Cikin Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin wannan aiki ta hannun Hukumar Lantarkin Karkara, watau REA, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17 da rabi. Abin alheri ne, muna kuma maraba da shi. Sai dai a nan ne mutumin ƙauye zai sa hannu a yarjejeniya mai wa'adi, irin wadda Bature ke sa wa hannu, kuma a nan ne a ke yin kuskuren da gyaransa ke da wuya.

Dokar ƙananan tashoshin nan, wadda aka yi cikin 2016 aka sabunta cikin 2023, ta tanadi a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin kamfani da jama'ar gari. Ran da aka zo da takardar, ga kiɗa ga baƙi ga manyan motoci, kada kunya ta hana dagaci da 'yan kwamiti tambaya. Kuɗin yunit da aka faɗa, na wata nawa ne? In na shiga ne, don a jawo mutane, nawa zai koma bayan an shiga? Me zai sa a ƙara, tashin dala ne ko kuɗin gas ɗin injin da ke taimaka wa batir da dare? Sau nawa a shekara a ke da ikon ƙarawa, kwana nawa za a ba ku sanarwa, kuma wa zai amince kafin ƙarin ya hau? Awa nawa aka yi alkawari, har da kwanakin marka da na hazo lokacin da rana ke ɓuya? In layin gwamnati ya iso garin bayan shekara uku, ina matsayinku? Duk amsar da aka ba ku da baki, ku ce a sa ta cikin takarda. A fassara takardar da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, a ajiye kofe ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin kwamiti. Ranar cikar wa'adin kuwa a rubuta ta da manyan baƙaƙe inda kowa zai gani, a soma zama a kanta tun saura wata uku, lokacin da ku ke da bakin ciniki.

Sau da yawa za a shimfiɗa muku tsari biyu a ce ku ɗauki ɗaya. Ga misali, lambobin namu ne don a gane. Tsari na ɗaya, ka biya N3,000 kowane wata a ba ka har yunit 15. Na biyu, ba kuɗin wata, yunit N250, abin da ka sha shi za ka biya. Gidan da ke shan yunit 8, a na ɗaya zai biya N3,000, a na biyu N2,000. Gidan da ke shan 15, a na ɗaya N3,000, a na biyu N3,750. Mahaɗarsu yunit 12 ce: ƙasa da nan na biyu ya fi, sama da nan na ɗaya ya fi. Kun ga ba tsarin da ya fi wani sai an san gidan. Kada ka ɗauki abin da maƙwabcinka mai firji ya ɗauka don kawai shi ne mai faɗa a ji. Ka kuma tuna da kuɗin wata ba ya sanin damina. Watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma kowane kwabo ya tafi gona, mai biyan yunit na iya taƙaitawa, mai kuɗin wata sai ya biya ko a yanke. In kamfani na da rangwamen rana, mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara su mai da aikinsu tsakar rana, lokacin da faranti ke cika. Matan da ke sayar da zoɓo da kunun aya su ne suka fi kowa sanin ribar sanyi da tsadarsa, saboda haka kwamitin da babu su bai cika ba.

Yunit ɗin irin wannan tasha ya kan fi na layin gwamnati mai tallafi tsada, kada wannan ya ba ku mamaki. Abin da za ka auna shi da shi, shi ne abin da ka ke kashewa yau: batirin tocila, da kananzir, da kuɗin caji a shago, da man janareta. Ƙaramin janareta da ƙyar ya ba ka yunit 2 daga lita ɗaya. Lokacin da lita ta kai N1,000, yunit ɗinsa ya haura N500 ke nan, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki, ban da hayaƙin da ya sha kashe iyali a ɗaki.

Saura masu ɗaukar sola ta gida a biya kaɗan-kaɗan, wadda ke kulle kanta in ba a biya ba. Iri biyu ce, kuma dillali ba kullum ya ke bambanta su ba. Akwai wadda in ka gama biya ta zama taka. Akwai wadda haya ce, ko shekara goma ka yi kana biya ba taka ba ce. Ka tambaya wace ce. Ka ninka kuɗin mako ko na wata da yawan lokacin, ka haɗa da kafin alkalami, ka gwada da kuɗinta hannu da hannu, sa'an nan ka san abin da bashin ya ci. Faranti na daɗewa, batir shi ke fara mutuwa. In garantin batir zai ƙare daidai da ranar da za ka gama biya, ka san sabon kashe kuɗi na jiranka a bakin ƙofa, sai ka fara ajiye wani abu tun daga kakar farko.

Yanzu ga inda ƙuri'arku ta shigo. Da can maganar lantarki ta Gwamnatin Tarayya ce kusan ita kaɗai. Cikin Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, cikin Yuni na shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon yin wuta da raba ta da kafa hukumar da za ta yanke kuɗinta. Inugu da Ekiti da Ondo suna cikin waɗanda suka fara karɓar wannan iko cikin 2024. Ma'ana, gwamnan da za ku zaɓa da ɗan majalisar jiha da za ku tura suna iya zama masu hannu a kuɗin wutar gidanku, ba za su ƙara fakewa da cewa abin na Abuja ne ba.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo ya ce zai tsai da kuɗin wuta, ko daga wace jam'iyya ya fito, har da wadda ta buga wannan takarda, ku yi masa tambayoyin da za ku yi wa kamfani. Zuwa yaushe? Wa zai biya cikon, kuma daga wane aljihu? In za a janye, a dare ɗaya ne ko mataki-mataki, da sanarwa tun kafin kaka don mutum ya shirya? Gidan da bai wuce yunit 50 ba, za a kare shi? Mita nawa za a kawo ƙaramar hukumarmu, a wace shekara? Mu a ganinmu tallafin da ya dace shi ne wanda ke bin ƙaramin gida, mai ƙwai huɗu da fanka, domin in an tallafa wa kowane yunit daidai wa daida, mai na'urar sanyaya ɗaki biyar a birni ya fi ku kwasa nesa ba kusa ba, wanda waya ba ta je garinsu ba kuwa bai sami komai ba. Wanda ya ba ku amsa da lamba da shekara, ku sa malamin makaranta ya rubuta a littafin kwamiti, da sunansa da ranar da ya faɗa, a ajiye tare da takardar yarjejeniya a gidan mai gari.